Neman Gero a Kantin Sojoji

Mutumin da aka ce zai tarbe ni a filin jirgin Riyad bai zo ba, kuma har yau da nake wannan rubutu bai iso ba. Ejan ɗin da ya yi mini biza a Kano ya rantse cewa ina fitowa zan ga Balarabe riƙe da allo mai sunana, ga mota mai sanyi, ga ɗaki da kafet. Na karanta duk wani allo da ke wurin, har na ƙofar banɗaki, babu inda aka rubuta Sabi'u. Sai na zauna a kan jakata ina yi wa kowa murmushi, ko Allah zai sa wani ya ga ya dace ya ɗauke ni.

Ina nan har haƙorana suka bushe, sai wani dattijo siriri, baƙi, mai tsaga a kumatu, ya tsaya a kaina. Ya zo karɓar saƙo ne a hannun wani fasinja. Ya dubi hulata, ya dubi yadda na danne jaka da cinyoyi biyu.

Ya ce, "Wannan Bakano ne. Ko a Aljanna aka sauke ku sai kun zauna a kan kaya."

Na ce, "Kai kuma daga jin bakinka Badamagare ne."

"To tashi, bawana, in kai ka inda za ka kwana."

Haka na haɗu da Malam Issufu. Ya kai ni Gubaira, wata tsohuwar unguwa mai gareji-gareji da ƙananan shaguna, ɗakin da suke kwana su da yawa, 'yan Nijar da 'yan Najeriya a cakuɗe. Ya ba ni katifarsa, shi ya kwanta a kan kwali. Shekarunsa a ƙasar sun fi na wasu 'yan ɗakin a duniya, kuma duk ya yi su ne yana sauke kwandunan tumatir da albasa a kasuwar Aziziya. Shi ya bi ta hannun mutane har aka gano kafil ɗina, wato mutumin da sunansa ke kan bizata. Ashe shi ma an gaya masa wata rana ce daban.

Kafil ɗin tsohon hafsan soja ne da ya yi ritaya. A can direban gida Baba yake kiran mai gida, matar kuma Mama. Ni da furfurata da 'ya'yana da suka isa aure, na koma ina kiran matar da na girme ta Mama, tana amsawa ba ko kunya. Aka ba ni ɗaki a jikin gareji, wanda in na yi miƙa sai na nemi afuwar bango. Aikina in kai jikoki makaranta, in kai Mama unguwa, in jira. Rabin zaman Riyad jira ne. A cikin jiran nan ne mutum yake tuna abubuwan da bai san yana so ba: ƙanshin ƙasa in an yi ruwan fari, muryar mai ƙosai ta bakin layinmu, har masifar uwargidana in na dawo ban sayo maggi ba.

Duk ƙarshen wata Mama takan ce, "Sabi'u, yalla, mu tafi jam'iyya." Jam'iyya a nan ba ta siyasa ba ce, kanti ne a cikin rukunin gidajen sojoji, wanda sai mai kati yake sayayya a ciki. Ranar farko da na ji za mu shiga bariki sayayya, sai zuciyata ta tafi kasuwar Mami. Ina saurayi na yi kwandastan bas a layin da ya bi ta gefen bariki a Kano, kuma duk abin da na samu a Mami yake ƙarewa: gasasshen kifi, yaji, mata suna kiran mutum kwastoma ko bai taɓa sayen komai ba. Na haɗiye miyau tun daga ƙofa. Muka shiga, na tarar da gilashi da sanyi da shiru kamar asibiti. Ko ƙuda ɗaya babu da zai yi wa mutum sannu da zuwa.

A kan wannan kanti Baba da Mama ba su taɓa shiryawa ba. Baba ya yi imani da shi kamar yadda ya yi imani da kakinsa. In ya ga leda ta wani babban kanti na cikin gari a kicin, sai ya ce an yi masa tawaye a gida. Mama kuma takan ce manyan kantunan gari in suka yi rangwamen ƙarshen mako sun fi jam'iyya sauƙi, kuma ba sai an ratsa rabin Riyad ana ƙona mai ba. Ni da nake tura kwandon a duka biyun, na ga abin da na gani. Shinkafa da man girki da sabulu da kunzugun jarirai, lallai jam'iyya tana ɗan sassautawa, kuma farashinta ba ya rawa. Amma kayan miya ko kusa ba ta kama ƙafar Aziziya ba. Sannan akwai wata cuta da ke kama Mama da zarar ta ga abu ya yi sauƙi: sai ta sayi na shekara. Akwai cukwin da muka sayo da araha wanda ya tsufa a firij har ya fara gaishe ni.

Wannan gaskiyar ban taɓa kai ta Gubaira ba. Ranar Juma'a nake samun hutu, in je can bayan masallaci mu ci tuwon semo a faranti ɗaya, ni kuma in biya kuɗin tuwon da labari. Duk ɗakin ni kaɗai na taɓa taka cikin bariki, don haka filin nawa ne.

Nakan ce, "A can in ka sayi buhun shinkafa ɗaya, sai mai kanti ya ba ka haƙuri ya ƙara maka ɗaya. Kaza kuwa har kunya take ji in an faɗi kuɗinta. Kuma babu abin da babu. In ka nemi nonon zomo za a tambaye ka na safe ko na yamma."

Lawali, wani birkila ɗan Maraɗi, yakan buɗe baki ya ce, "Don Allah, Sabi'u?"

Malam Issufu kuma ya ce, "Ƙyale bawan nan nawa. Tumatirin da yake yabo, ni na sauke shi daga mota yana barci. In Bakano ya ce maka rana ta fito, fita ka duba."

Haka muke har shekarar da ciwon ciki ya kayar da Malam Issufu. Aka yi masa aiki, aka sallame shi ya dawo ɗaki ana gab da azumi. Tun yana asibiti ya ce shi ya gama, gida zai koma. Kafil ɗinsa bai hana ba, 'yan ɗaki da mutanen kasuwa suka haɗa masa kuɗin jirgi. Abin da ya rage shi ne likita ya sa hannu cewa zai iya tafiya, likita kuma ya ce ba zai sa ba sai tsohon ya iya tsayawa da ƙafarsa. Tsayawa sai da ci, shi kuwa ya rufe baki. Aka kawo kabsa, shinkafar Larabawa da nama, ya kau da kai. Aka kawo burodi da shayi, ya kau da kai. Tuwon semo ma loma ɗaya ya yi ya ce kamar yana tauna katifa. Kullum na zo sai in tarar ya ƙara shigewa cikin bargo. Kowa a ɗakin ya san abin da ake tsoro, ko da yake ba mai faɗa: kada a binne shi a nan, matarsa da jikokinsa su ji a waya.

Na zauna kusa da shi na ce, "Malam, faɗi abin da kake so. Ko hantar raƙumi ce."

Ya ce, "Hura. Ta hatsi. Ba ta leda ba."

Muka bazama. Aka kwatanta mana wani ɗan'uwanmu a Jaradiya da ke sayar da kayan gida, daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya. Ya fito mana da gari a leda, ya rantse geron bana ne daga Gumel, ya tsuga kuɗin da a gida zai sayi tunkiya. Muka biya muna godiya. Lawali ya dama ya kawo. Malam Issufu ko kurɓa bai yi ba, ya shinshina kawai ya ce fulawa ce aka yi wa kwalliya da dusa, ya juya fuskarsa bango. Da muka koma wurin mutumin, ya ce ai shi ma haka aka kawo masa, ya ci gaba da latsa wayarsa.

Ranar ina shirin tafiya, tsohon ya yi magana bai juyo ba.

"Bawana."

"Na'am, Malam."

"Kai da ka ce babu abin da babu a kantin sojojinka."

Na jira dariyar da takan biyo baya, ba ta zo ba. Da gaske yake. Mutumin da ya shekara yana ƙaryata ni, yau ciwo ya sa ya gaskata.

Na ce, "Akwai. Ƙarshen watan nan za mu je, zan kawo maka."

Matsalar farko, ban san sunan gero da Larabci ba. Larabcina na mota ne: dama, hagu, tsaya, nawa, babu. Na tambayi wani Basudane mai aski a Gubaira, ya ce dukhun. Na ɗauki kalmar nan kamar ƙwai. Ina kai yara makaranta ina dukhun, ina wanke mota ina dukhun. Ga azumi ya kama, ga zafi, ga yunwa. Wani wuri tsakanin gida da ƙofar bariki, kalmar ta juye a bakina ban sani ba.

Matsala ta biyu, ban taɓa saka wani abu nawa a kwandon Mama ba. Katin nata ne, ni hannu ne kawai. Na yanke shawarar in fara gano kayan, roƙo ya biyo baya. Tana can tana gwada nauyin robobin man girki, na saci jiki na tari wani ma'aikaci ɗan Indiya da ke jera gwangwani.

Na ce, "Sadik, fi dukhan?" Wato aboki, akwai dukhan?

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Mafi." Babu.

Na ɗauka bai ji ba ne, sai na ɗaga murya. "Dukhan. Dukhan. Ashrab." Na kai hannu baki ina nuna sha. Abin da ban sani ba, dukhan hayaƙi ne, kuma shi suke kiran taba. Sannan su ma kamar mu, kalmar da suke shan ruwa da ita suke shan sigari. Ga ƙato da gemu, da rana tsaka a watan Ramadan, a tsakiyar matan hafsoshi, yana ihu a ba shi taba ya sha.

Kantin da dama shiru ne ya ƙara yin shiru. Na ji takun Mama a bayana.

"Sabi'u. Dukhan? A Ramadan?"

Na ce, "La, Mama, ba ni ba. Wani tsoho ne, ba shi da lafiya, shi kaɗai yake so."

"Tsoho mara lafiya za ka kai wa dukhan? Kuma a motar da jikokina ke shiga?" Idanunta kawai nake gani ta niƙabi, amma sun ishe ni. Ta ce yau ɗin nan za ta gaya wa Baba ya yi mini takardar fita ta dindindin.

A lokacin ne Allah ya tuna mini da waya. Ƙanena ya taɓa turo mini hoton gonar mahaifiyarmu a Ɗambatta, gero ya fitar da kai, zangarniya tsaye kamar an jera kyandir. Na nemo shi na miƙa mata. Mama ta duba, ta ce ba ta san wannan ciyawar ba. Ɗan Indiyan ya leƙo, fuskarsa ta washe, ya yafito ni. Muka wuce shinkafa, muka wuce taliya, muka wuce sabulu, har can ƙurya inda ake ajiye abincin kyanwa. Ya ɗauko wata leda mai hoton aku a jiki ya ɗora mini a hannu. Ƙananan ƙwayoyi ne rawaya, masu sheƙi. Abincin tsuntsaye. Kuma gaskiya da araha.

Wasu suka yi dariya, ni ma na taya su, don ban san abin da zan yi da fuskata ba. Na tsaya riƙe da ledar ina tunanin ko in an surfa an wanke tsohon ba zai gane ba. Na san zai gane.

"Na tsuntsu ne?"

Wani soja ne ya yi tambayar, ba babba ba, mai igiya a hannun riga, baƙi kamar ni, shekarunmu za su zo ɗaya. Na ce masa na mutum ne. Ya girgiza kai ya ce wannan ko tsuntsun ma sai ba shi da zaɓi. Ya ce in nuna masa hoton. Ya karɓi wayar, ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya daɗe yana kallo har na fara tunanin ko an hana ɗaukar hoton gona a ƙasar.

Ya ce, "Dukhun."

Na ce, "Shi nake ta faɗa."

Mama ta ce, "Ba shi kake faɗa ba."

Sojan ya nuna ƙirjinsa ya ce shi mutumin Jizan ne, can kudu kusa da Yaman, kuma irin wannan mahaifiyarsa take nomawa. Ya tambaye ni yaushe muke girbi, na gaya masa. Ya tambaya ko mu ma tsuntsaye suna damunmu in ya nuna, na ce har da gwangwani muke kora. Ya yi dariya. Da guntun Larabcina da hannu da ƙafa na ba shi labarin Malam Issufu. Ya ce mu jira shi a bakin ƙofa.

Mama ba ta jiran kowa. Na taɓa ganin ta bar Baba a masallaci. Amma ranar ta zauna a bayan mota tana jira har sojan ya dawo da wani tsohon gwangwanin madara a hammata. Ya buɗe. Gero ne, namu sak, fari-fari mai ruwan toka, har da 'yar ƙaiƙayi. Ƙanshin ya bugi hancina. Ya ce mahaifiyarsa ce ta aiko masa, shi kuma ba shi da mai dafa masa a nan, buɗewa kawai yake yi lokaci-lokaci. Na laluba aljihu, ya riƙe mini hannu ya ce in na fito da kuɗi zai kira 'yan ƙofa su kama ni da laifin neman taba. Kafin ya rufe gwangwanin ya ɗebi cikin tafinsa ya zuba a aljihun kakinsa, sannan ya miƙo mini sauran.

Na tayar da mota, Mama ta ce in kashe. Ta tambaye ni da me ake cin abin. Na ce nono da citta da kanumfari. Ta koma ciki da kanta, ta fito da su har da zuma. A hanya ta sa ni maimaita dukhun har muka iso gida, duk inda na karkace ta bugi bayan kujerata.

Washegari ta ba ni yinin. Lawali ya jiƙa geron ya wanke, muka barza a injin markaɗe, ya cura ya dafa, ya sake kirɓawa da gindin kwalba a cikin tukunya. Kafin a dama, Malam Issufu ya ce a ba shi ɗanyen da aka rage. Ya zuba a tafinsa, ya kai ƙwaya ɗaya baki ya ciza, ya lumshe ido.

Ya ce, "Wannan a rairayi ya tashi. Ba namu ba ne, amma dangi ne."

Aka tallafo shi ya zauna. Ya riƙe kofin da hannu biyu, ya kurɓa, ya tsaya. Duk ɗakin masu azumi ne, kowa ya zuba masa ido, maƙogwaro na motsi. Ya sake kurɓa. Ya shanye ya miƙo kofin.

"Citta ta yi yawa. Bakano ne ya zuba. Ƙaro."

Gwangwanin bai kai mako biyu ba, amma ya buɗe masa ciki. Daga fura ya koma kunu, daga kunu ya karɓi tuwo. Bayan Salla ya taka da ƙafarsa ya shiga wurin likita, ya fito da takarda. Ranar da ya tafi ina can ina jiran yara a ƙofar makaranta, su Lawali ne suka raka shi. Ya bar mini katifarsa da saƙon cewa in daina zama a kan kaya.

Ni ina nan. Baba da Mama suna nan suna musu a kan inda ya fi sauƙi, ina tura kwando a duka biyun. Sojan nan kuwa an mayar da shi gadin ƙofa, in na ajiye Mama nakan tsaya mu gaisa.

Da kaka ta yi, saƙon murya ya shigo mini daga Damagaram. Malam Issufu ne, muryarsa ta cika. Ya ce yana gaida bawansa, ya ce an yi girbi, ya ce in na dawo in zo ya ba ni aikin korar tsuntsaye tunda na san abincinsu. Ina saurare a bakin ƙofar bariki, sojan ya matso ya ce me ake cewa. Na kara masa wayar a kunne.

Na ce, "Tsohon nan ne. Zagina yake yi."

Ya ɗaga mini hannu in yi shiru. Ba maganar yake ji ba. A bayan muryar tsohon akwai mata biyu suna daka, taɓarya na sauka bi da bi, ɗaya tana tafawa kafin ta cafe, ga akuya tana kuka can nesa. Ni ma sai a lokacin na ji su. Saƙon ya ƙare. Mota ta tsaya a bayanmu tana jiran a ɗaga mata ƙarfen ƙofa, bai ko waiwaya ba.

Ya ce, "Sake sakawa."